Kitson Ƙarfe

Da na ce masa ɗinkin ƙarfen ya yi kyau, da zai fita ranar nan? Har yau ban sani ba, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce mini kwana ne ya ƙare.

Maigidana mai walda ne, a wani gareji bayan kasuwar Dembe. Ya yi furfura a kan aikin kafin ubangidansa ya sayo sabon inji, mai turo waya da kansa, da tukunyar gas a gefe. In bututun ƙarfe yana kwance, yana haɗa shi lafiya lau. A tsaye ne abin ya gagara. Dole a faro daga ƙasa a haura sama, shi kuwa narkakken ƙarfen sai ya riƙa zubowa kamar majina. Ubangidan ya ce wanda bai iya ba ya koma wajen fenti. Dattijo kamarsa, a ba shi buroshi.

Ni kitso nake yi. Wata rana da la'asar ya zauna yana kallona ina yi wa maƙwabciya shuku, daga ƙeya zuwa tsakar kai.

Ya ce, "Uwargida, me ya hana naki zubowa?"

Na ce, "Ba na sauri. Kowane gefe ina ɗan tsayawa ya kama, sannan in tsallaka."

Tun daga nan kullum sai ya dawo da guntun bututun da ya yi wa walda a aljihu, ya miƙo mini. In shafa da yatsa in ce, "Malam, wannan ai kitson makauniya ne." Ya yi dariya har da tari. Hannun rigarsa duk hujin tartsatsi, ni ke ɗinkewa ina mita.

Lokacin gari ba lafiya. Ana ta cewa 'yan tawaye sun kusa, maƙwabta na ɗaure kaya su haye kogi zuwa Kuseri. Ranar Juma'a ya kawo wani guntu. Wallahi ya yi kyau, layi a jere kamar an tsefe an sake kitsawa. Amma na saba da tsokanar, bakina ya riga ni. Na ce, "Saura kaɗan, can sama ya karkace." Bai yi dariya ba. Ya juya ƙarfen a hannu, ya daɗe yana duba wurin da ba abin da ya same shi.

Da safe muka fara jin harbi daga nesa. Na ce ya zauna. Ya ce yau garejin ba kowa, injin nasa ne shi kaɗai, kafin azahar ya dawo. Ko garejin bai kai ba. A bakin kasuwa aka ɗauko mini gawarsa.

Ina kuka yanzu ma da nake faɗa, a bar ni in yi. Da safen nan na raka shi har zaure ina riƙe da hularsa. Ya karɓa ya sa, ya tura kekensa waje, ya waiwayo ya ce, "Ki gyara murya, uwargida. Yau sai kin yi mini guɗa."