Kwandon Dije a Ƙarƙashin Gado

Duk Koki ba mai tambayar gidan Dije mai daddawa, hancinka ne zai kai ka. Shekara arba'in tana dafa kalwa, 'ya'yan ɗorawar da ake kawo mata a buhu daga ƙauyensu. Ta surfe, ta wanke, ta rufe a kwando kwana uku, sannan ta daka ta dunƙula. Da sana'ar nan ta riƙe marayu huɗu. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya. Ko zani na shanya sai ya samu rabonsa na warin.

Sai jikarta Kulu ta yi miji, ɗan masu hali daga Kabuga. Saura kwana uku a kawo lefe yarinya ta sa kuka: "Inna, don Allah ki dakata. In danginsa suka ji warin nan, sun raina ni ke nan."

"Wari? Ja'ira, da warin aka kai ki makaranta!"

Amma tana son jikar kamar ranta, ta ce to. Sai dai ta riga ta dafa kalwa, kuma Dije ba ta zubar da abinci. Ta tura kwandon ƙarƙashin gadonta, ta lulluɓe da barguna. Haba Dije, ke da kika fi kowa sanin ɗumi ke nunar da ita!

Ranar lefe amarya ta ɓuya a gidana, aka cika nasu da turaren wuta. Tsakar gida ta cika, sai aka kai manya ɗakin tsohuwa. Hajiya Uwani, gwaggon ango, ta zauna a bakin gadon, ta ja numfashi, ta sake ja. Ina bakin ƙofa ina kallo.

"Wa ke daddawa a gidan nan?"

Dije ta gyara ɗankwali. "Ni ce, Hajiya. A kanta ma kike zaune."

Hajiya ta tafa hannu. "Ikon Allah! Ke ce Dijen Koki? Shekara ashirin ina aikowa a sayo min! Angon nan ko miya ba ya sha sai da daddawarki."

Da aka miƙa tukuici ta ture, ta ce a daka mata abin da ke kwandon, ya ishe ta.

Washegari na leƙa ta katanga, sai ga Kulu da taɓarya tana surfen kalwa. Dije na kan kujera tana ce mata, "A hankali, amarya, kada warin ya kama ki."