Jirgin Kawu Jibo da Ba a Wankewa

Duk wanda ya taɓa raka Kawu Jibo kasuwa ya san ba a dawowa da wuri. Ba ciniki ke tsayar da shi ba, tsatsa ce. Da ya hango tsohuwar mota ko ƙofar kwano da ruwan sama ya ci, sai ya tsuguna, ya tura hula ƙeya, ya yi ta kallo kamar mai duba bijimin da zai saya. Can sai ka ji, "Ɗan Fargaba, zo ka ga kyau!" Ni ne Ɗan Fargaba. Sunana Shitu, amma Kawu ya ce bai taɓa ganin mutumin da ke jin tsoron abin da bai faru ba kamar ni. Kuma gaskiyarsa, don yana tsugune ni ina waige-waige, ina addu'ar kada mai abin ya fito ya ce mu ɓarayi ne.

Yayan mahaifiyata ne. A nan Paki ya yi rayuwarsa, yana ƙera fitilar aci-balbal da mazurari da tsofaffin gwangwanaye, yana liƙe bokitai da dalma. Amma lokacin yaƙin basasa, suna samari, shi da amininsa Baba Garba na Taba sun yi leburanci a filin jirgi a Kaduna. Aikinsu shara da ɗaukar kaya da tura jirgi. Akwai wani jirgin yaƙi guda da suka fi so, kuma tun da suka dawo gida suke musu a kansa. Kawu ya ce baƙin hayaƙin da bindiga ke bari a ƙarƙashin hancinsa a hagu ya fi yawa, Baba Garba ya ce a dama. Suna ko biki, in dai sun haɗu, a nan hira ke ƙarewa.

Sai idon Baba Garba ya fara dushewa. An kai shi asibiti, aka ce ba mai gyaruwa ba ne, hasken zai yi ta raguwa har ya ɗauke. Ranar da labarin ya iso, Kawu ya ajiye bokitin da yake liƙi ya ce, "Wallahi Garba ba zai makance yana kan kuskure ba. Sai na ƙera jirgin nan na ɗora masa a cinya ya gani da idonsa." Daga ranar na shiga damuwa, domin ido ba ya jiran kowa, Kawu kuma ba ya sauri.

Ƙirar ba ta daɗe ba. Da gwangwanin madara da na man gyaɗa ya tayar da shi, tsawonsa kamu guda da ɗan wani abu, da fukafukai da wutsiya da tayoyin da ya yanko daga tsohon silifa. Ya shafa masa fenti ruwan azurfa, ya bi da kore. Na ce, "Alhamdu lillahi, Kawu, gobe mu tafi Taba."

Ya harare ni. "Da wannan? Wannan ai ango ne. Jirgin da ya je yaƙi ba ya ƙyalli. Yanzu aka fara aiki, sai na tsufar da shi."

To, a nan aka sha kallo. Wata ranar kasuwar Makarfi na neme shi na rasa, sai na same shi kwance a bayan wata gingimari da ake loda wa rake, yana kankare bakin salansa da tsinke yana tarawa a kwalin ashana. Kafin in ja shi, direba ya iso, ƙato, yana huci.

"Baba, lafiya? Me kake sa mini a mota?"

"Ba sawa nake ba, ɗana, cirewa nake."

"Cire me?"

"Baƙi. Tun daga Ikara nake duba salansar mutane, ban ga motar da ke ƙona mai da kyau kamar taka ba. Allah ya ƙara mata hayaƙi."

Direba ya rasa ko yabo ne ko zagi. Ya yi tsaye, ya fashe da dariya, ya zaro mana sandar rake. Ni dai ban sha ba sai da na koma na tambaye shi ko raken nasa ne ko na mai kaya.

Burushi kuwa Kawu ya ce ba zai saya ba, wai na kanti na fentin ƙofa ne. Ya gwada gashin jelar jaki, ya ce ya yi tauri. Ya gwada na kyanwa, kyanwar ta yakushe shi. Wata safiya ina gaishe shi sai na ga ba fuskata yake kallo ba, gemuna yake kallo, ga almakashi a hannu.

Na ce, "Kawu, don Allah."

"Tsaya mana, ɗan kaɗan ne. Naka ya fi na kowa laushi, tsoro ne ya dafa shi."

Da wannan burushin aka ja duk wani siririn layin baƙin mai da ke jikin jirgin, wanda ya roƙo a wurin mai injin niƙa.

Ana cikin haka wani tunani ya hana ni sukuni: shin ƙera irin wannan abu ya halatta? Na tafi wurin Malam Sabo, limamin unguwarmu, na zayyana masa komai. Malam ya ce jirgi ba shi da rai, babu laifi, sai dai in an sa siffar mutum a ciki, nan ne ake dubawa. Na taho da sauri har ina tuntuɓe.

"Kawu, Malam ya ce kada a sa mutum a ciki!"

"Wa ya ce maka akwai mutum? Leƙa."

Na leƙa ta ɗan gilashin da ya yanko daga gorar ruwa. Ga kujera ya yi da marfin kwalba, har da ɗamara, amma ba kowa.

"To ina matuƙin?"

"Ya sauka salla. Kai ma tashi ka bi shi, ka bar ni in yi aiki."

Wadda ta fi kowa shan wahalar jirgin nan ita ce matarsa, Inna Laure. Kawu ya gano wata dabara: ya jiƙa fiffike, ya barbaɗa gishiri, ya shafa fenti a kai, in ya bushe ya kakkaɓe gishirin, sai fentin ya fito da ɓamɓarewa kamar wanda takalman makanikai suka daɗe suna takawa. Gishirin miyar Inna ya yi ta tafiya. Ranar da ta kama shi da hannu a cikin kwano ta ce, "Malam, ga daddawa nan da kuka, ka haɗa masa gaba ɗaya ya ci ya ƙoshi." Bai ko ɗago ba, ya ce, "Daddawa ba ta kama fenti, na gwada."

Ya ɗora jirgin a kan rufin ɗaki rana ta koɗar da koren. Ya shafa wa tayoyin jar ƙasa. Ya bi bakin bindigogin da baƙin salansa, ya ƙara yawa a hagu, yana murmushin mugunta. Kafin azumi ya ƙare jirgi ya tsufa, har in ka kalle shi sai ka ji tausayinsa. Kawu ya ce bayan salla za mu tafi.

Ranar jajiberen salla ya tafi Ikara aski. Kun san matanmu da jajibere: tukwane, kwanuka, langa, duk abin da ke da jikin ƙarfe sai ya ga toka da soso. Inna ta gama da jerenta, ta ɗaga kai ta ga gwangwani mai dauɗa a kan kabad. Ta sauke shi ta zauna bakin rariya.

Tare muka shigo da Kawu. Ga jirgi a kife a cikin kwanuka yana shan iska, yana walƙiya kamar sabuwar buta. Na ce innalillahi. Kawu ya juya wajen Inna.

"Laure, me jirgin nan ya yi miki?"

"Me na yi masa ban da alheri? Baƙi su zo barka da salla su ga wannan ƙazanta a ɗakina, su ce Laure ta tsufa ta daina wanke-wanke?"

"Wata da watanni ina tara dauɗar nan!"

"Shi ya sa ta yi wuyar fita."

A makon ne kuma aka aiko daga Taba cewa Baba Garba ba ya gane fuskar mutum sai an matso dab da shi. Tuwon salla ma ban iya ci ba. Na durƙusa na ce, "Kawu, mu kai shi haka. Gara ya gan shi da tsabta da ya rasa ganinsa." Ya ce, "In na kai wannan, Garba zai ce bai taɓa ganinsa ba, kuma gaskiyarsa."

Ya ɗauki jirgin yana juyawa kamar mai duba gawa. Sai na ga ya tsaya a gefen fiffike, ya matsar da shi hasken rana. Inda Inna ta dirje da ƙarfi, koren ya siɗe a hankali har azurfar ta leƙo, ba layi, ba alamar hannu.

"Laure! Da me kika goge nan?"

Ta gyara ɗaurin zani, ta shirya faɗa. "Soson ƙarfe. Sai me?"

"Haka yake! Wallahi haka gefen fiffikensa yake! Ɗauko soson nan ki zauna, ga ɗaya ɓangaren."

Haka Inna ta shiga aikin soja. Ita ke dirza, shi ke mayar da baƙi da jar ƙasa, ni kuma ina zirga-zirga ina tuna musu cewa rana tana tafiya. Har yau in an taɓo zancen a gidan biki cewa take ita ta gama jirgin, Malam dauɗa kawai ya sa.

Muka hau babur ɗina, Kawu a baya rungume da jirgi cikin zanen Inna. Ni ina lallaɓawa, ina karanta duk addu'ar da na iya. Da muka bar kwalta sai na ji zani yana kaɗawa. Ashe buɗe shi ya yi, ya ɗaga sama, wai ya sha ƙurar hanya ta gaske.

Mun tarar da Baba Garba a kan tabarma a ƙofar gida. Da murya ya gane mu. Aka gaisa, aka tambayi iyali da gonaki da ruwa. Sannan Kawu ya ɗora masa jirgin a cinya.

Baba Garba ya shafa shi. Ya ce a fitar da shi rana. Ya ɗaga shi har yana taɓa hancinsa, ya bi shi da ido daga wutsiya, sannu a hankali. Na riga na yanke cewa mun makara. Sai yatsansa ya tsaya a gindin fiffike.

"Ja'iri," ya ce. "Ga inda na zame na fasa gwiwa. Jibo, shi ne. Wallahi shi ne."

Hawaye suka zubo masa, Kawu ya juya yana gyaran hular da ba ta karkace ba. Baba Garba ya share ido, ya leƙa ƙarƙashin hancin jirgin, ya tsuke baki.

"Amma baƙin nan a dama yake."

"Makaho! A hagu!"

"Ni da nake goge shi? A dama!"

Har aka kira la'asar suna yi. Da za mu tafi Kawu ya ce, "Riƙe shi, ka yi ta kallon kuskurenka." Kafin a yanke dawa a shekarar, idon ya rufe gaba ɗaya. Kawu kuma bai fasa sa ni in kai shi Taba ba, su zauna da jirgi a tsakani su ɗora daga inda suka tsaya.

Da Kawu ya rasu bara, aka riƙo hannun Baba Garba aka kawo shi gaisuwa. Da mutane suka ragu ya laluba ya kamo hannuna ya ce, "Shitu, a hagu yake. Tun ranar da na gan shi na tuna."

Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa masa?"

Ya ce, "In na faɗa, me zai riƙa kawo shi Taba?"

Allah ya jiƙan Kawu Jibo, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Baba Garba kuma Allah ya ba shi haƙurin rashin abokin musu, ya haɗa su a Aljanna da idanu garau. Amin.