Katangar da Ta Raba Mu da Kabarin Babana

Har yau in na ji warin ɗanyen siminti sai raina ya ɓaci, ko da maƙwabci ne yake gyaran dakalinsa. Warin nan yana mayar da ni Sharaɗa, shekarar da aka ƙara faɗin maƙabartarmu.

Ina yarinya lokacin, babana bai daɗe da rasuwa ba. Kun san a wurinmu mata ba sa raka gawa, ba sa shiga maƙabarta. Amma tsohuwar maƙabartar shingen ƙaya ne kawai ya kewaye ta, bai wuce ƙugun mutum ba, hanyar rijiya kuma ta gefensa ta bi. Kullum da safe, ni da tulu, kakata da sandarta, sai mun tsaya a nan. Takan nuna mini kabarin babana da haɓa, can kusa da wata aduwa, ta yi wa ɗanta addu'a, sannan ta ba shi labarin gida har da na akuyar da ta haihu. Ba ita kaɗai ba ce. Kowace mace ta san nata, kuma da damina in wani kabari ya rufta, su ne suke fara gani su gaya wa maza.

Sai kamfanoni suka cinye gonaki. Jiniyar kamfani ta koma ita ce agogonmu. Ma'aikata suka cika gari daga Haɗeja da Damagaram, kuma mutuwa ba ta tambayar mutum garinsu. Maƙabarta ta cika. Dattawa suka yanke a ƙara ta da gonar da ke bayanta, a kewaye duka da bulo saboda awaki da manyan motoci da masu zubar da shara. Baffana, wan babana, shi aka ɗora wa aikin.

Kakata ta kira shi tsakar gida, ta zana masa a ƙasa da bakin sandarta. Ta ce a bar hanya a tsakiya don kada masu makara su riƙa taka kaburbura. A dasa darbejiya a jere saboda masu haƙa da masu jira a rana. A kai baƙi kusa da 'yan gari, kada a ware su can ƙurya kamar ba su da kowa. Sannan ta ja wani ɗan gajeren layi ta wajen hanyar rijiya.

"Nan a bar shi iya ƙirji," in ji ta. "Ba shiga za mu yi ba. Gani kawai muke so."

Baffa ya kai maganar gaban dattawa. Hanya suka karɓa, bishiyoyi suka karɓa, har ana yaba masa basira, shi kuwa bai ce ba tasa ba ce. Da aka zo kan gajeren wurin sai aka ce yara za su haura, kuma me ya haɗa mata da leƙen maƙabarta? Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Sun ɗauki duk abin da zai sauƙaƙa musu, suka bar guda ɗayan da ta roƙa don kanta.

Muna kallo katanga ta riƙa tashi cikin bazara, yau ta kai ƙirji, gobe ta wuce kai, har kan aduwar kaɗai muke hange. Kakata ba ta daina tsayawa ba. Sai dai ta daina ba da labari, ta ce ba ta iya hira da bulo ba. Bayan wasu shekaru iska ta kayar da aduwar, ba mu ma sani ba sai da muka nemi kanta muka rasa. Kakata sau ɗaya ta shiga ta ƙofar maƙabartar nan, a cikin makara.

Yanzu wurin ya yi kyau, kowa yana faɗa. Darbejiyoyin sun yi inuwa, hanyar tana nan, an ma ƙara wa katangar tsawo. Mazan da suka binne babana duk sun bi shi. Kwanaki na roƙi ɗana ya shiga ya ziyarci kakansa. Ya dawo da hoto a waya, ƙasa ce a shimfiɗe da 'yan tudu-tudu duk iri ɗaya, ya miƙo mini ya ce, "Umma, wanne ne a ciki?" Na daɗe ina duba hoton. Ban sani ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya.