Takardar da Malama Asibi Ta Ninke

Duk yarinyar da ta yi makarantar 'yan matan nan ta wajen Ƙofar Mazugal ta san yayata, Malama Asibi. Ita ce mai zaman ranar Laraba, inda ake rufe ƙofar aji a yi maganar da ba a yi a gida: jinin al'ada, tsafta, ciwon mara, da damuwar da ke hana yarinya cin abinci. Ba ta da nauyin baki ko kaɗan. Sai ta ɗaga audugar mata sama ta ce, "Ku gama dariyar tukuna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Tana da wani gwangwanin madara da ta huda wa murfi, kowace ta jefa tambayarta ba suna.

Amma a gida, malamar nan mai baki ba ta iya haɗa ido da 'yarta Sumayya. 'Yar fari ce, kuma haka muka taso a Shahuci: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta zauna hira da shi. "Ke yarinyar nan" take ce mata. Tsofaffi suna yabon kararta, ita kuma tana jin daɗin yabon.

Shekarar da Sumayya ta shiga aji uku, wata Laraba Asibi ta zaro takarda daga gwangwani ta ga rubutun da ta sani. "Sati uku jinin bai tsaya ba, ina jin jiri. Mutuwa zan yi?" Sumayya tana kujerar baya tana kallonta. Asibi ta ninke takardar, ta tura a jaka, ta zaro wata. Wai nufinta ni Luba in yi wa yarinyar magana, tunda ni ce ƙanwar uwa. Ni kuwa ina Gwarzo wajen biki, ta ce wannan ba maganar waya ba ce. Kwana shida ta yi tana jirana.

Kafin in dawo Sumayya ta yanke jiki ta faɗi a layin taron safe. Sai da aka ƙara mata jini leda biyu. Ta warke, alhamdulillahi. Ranar da na dawo na gaya wa yayata maganganun da ƙanwa ba ta gaya wa babba, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba, duk da tausayinta yana cina.

Sumayya ba ta ƙara leƙa zaman Laraba ba. Yanzu tana aure a Sharaɗa da cikin fari, kuma komai ƙanƙantar abu ni take kira. Asibi ta yi ritaya bara, tsofaffin ɗalibanta har gida suke biyo ta da tambayoyi.

Makon jiya muna zaune da Asibi a ɗakina Sumayya ta kira ni. Asibi ta riga ni ɗaukar wayar.

"Ni ce," ta ce. "Yaya jikin naki? Akwai abin da yake damunki?"

Daga inda nake na ji amsar.

"Babu komai, Malama. Ba wa Anti Luba wayar."