Kwalba Biyu a Cikin Zanen Zumunta

Daga Jos

Tun kafin zakara ya yi cara na bar gida, ina jan akwatina a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Maƙwabta sun san Landan za ni wankan jegon 'yata Saratu, kuma gaskiya ne. Abin da ba su sani ba shi ne, a tsakiyar akwatin nan, ƙarƙashin daddawa da kuka da 'yar ƙwaryar damun kunu, akwai kwalaben giya biyu naɗe cikin zanen zumuntar matan cocinmu. Ni Rifkatu, da ban taɓa kai giya bakina ba, da nake jan addu'a duk ranar Alhamis.

Ga yadda abin ya samo asali. Ƙannena biyu suna Landan. Ishaya direban bas ne, yana zaune a Barking. Dauda, autanmu, yana da shago a Lewisham, yana sayar da kayan abincin gida da giyar da ake kai musu daga Najeriya. Bara da Ishaya ya aurar da ɗansa, Dauda ne ya kawo abin sha. Wasu katan-katan lafiya lau, wasu kuwa baƙi suka kurɓa suka ture gefe. Wannan ya ce ta yi lami, wancan ya ce warin jiƙaƙƙen kwali take. Ishaya dama zuciyarsa a kusa take, sai ya miƙe a gaban jama'a ya ce ƙaninsa ya sayar masa da jabu. Tun ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su, mutanenmu kuma suka ja baya da shagon.

Wadda abin ya fi ci ita ce Mama, mahaifiyarmu. Idanunta sun tafi, wayar da suke yi mata ranar Lahadi ita take jira duk mako. Da ta gaji da kowa ya kira sai ya kai ƙarar ɗan'uwansa, ta miƙo mini wayar ta ce in ajiye, ba za ta ƙara amsa ɗayansu ba sai ta ji muryoyinsu tare. Ta kuwa cika maganarta, amma ina kallonta tana ramewa. Da na matsa wa Ishaya sai ya kafa sharaɗi: in zo da ta ainihi daga gida, a ajiye ta gefe da ta shagon Dauda. Ya ce bakinsa ba ya ƙarya, in ya kasa nuna jabun zai ba da haƙuri. Na ce na ji, tunda ba ni da wata dabara.

Can Bukuru na je saye, inda ba wanda ya san ni. Na ce wa mai shagon kada ya ba ni ta firji don kada ta jiƙa mini kaya, sai ya zaro biyu daga akwakun da ke jere a bakin titi.

Hanyar Akwanga

Direbanmu ya cusa akwatina a but ɗin mota, murfin ya ƙi rufuwa, ya ɗaure da igiya ya ce ya zauna daram. Muna sauka daga Hawan Kibo sanyin Jos ya sallame mu. A shingen sojoji na biyu wani matashin soja ya ƙwanƙwasa akwatin ya tambayi mai shi, da abin da ke ciki. Na ce kayan miya ne da giya kwalba biyu. Ya dubi ɗankwalina, ya dubi Littafi Mai Tsarki da ke cinyata.

"Mama, ke kuma?"

"Saƙo ne, ɗana. Ka yi mini addu'a kawai ya isa."

Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Na ga matar da ke gefena ta ɗan gyara zama.

Dab da Akwanga taya ta fashe, ta sauyin kuma ba iska. Muka fake a inuwar mangwaro muna cin soyayyar doya da yaji, motar kuwa tana tsakiyar rana har direba ya je ya dawo. Da muka isa Abuja na taɓa akwatin, zafinsa kamar an sauke daga murhu. Ban damu ba, ni dai tsorona kada kwalba ta fashe ta ɓata mini zane. A filin jirgi aka auna kaya, aka leƙa, aka rufe. Na yi barci mai nauyi a sama, abin da ban taɓa iyawa ba a mota.

Barking

Saratu ta turo mai tasi ya ɗauke ni. Ɗan Gana ne, Musulmi, dattijo mai fara'a. Da ya ji ina waya da Hausa sai ya juyo ya ce, "Mama, ka zo lafiya?" Na ce na zo lafiya, amma a garinmu da ya mai da ni namiji sai ya biya tara. Muka yi ta raha har muka ratsa garin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya ce shekarunsa da yawa a nan, amma har gobe garin rogo da barkonon da ake kawo musu wani zuwan ya yi daɗi, wani zuwan sai haƙuri. A lokacin ban ɗauki maganar da muhimmanci ba.

Gidan su Saratu irin jerarrun gidajen nan ne masu kama ɗaya, in ba ka riƙe lamba ba sai ka shiga na maƙwabci. Na karɓi jikata, na yi kuka, na yi dariya, na kama aikin da ya kawo ni. Kwalaben kuwa ban yarda a sa su a firji kusa da madarar jaririya ba, ban kuma yarda in ɓoye su kamar kayan sata ba. Na jera su a bakin tagar ɗakina, inda 'yar ranar da suke samu take faɗowa. Ƙarƙashin tagar akwai hita, ƙarfen nan mai ɗumama ɗaki, tana aiki dare da rana saboda sanyi.

Ishaya ya zo gaishe ni da kayan aikinsa a jiki. Ya yi furfura, ya yi tumbi, amma bakin yana nan. Da ya hango kwalaben sai ya washe haƙora ya ce ga shaida ta iso. Ya shiga ba ni labarin giyar gida, yadda take da ƙamshi, yadda kumfarta ke tsayawa. Na tambaye shi rabonsa da shan ta a gida. Ya shiga lissafi da yatsu, na ce ya bar shi, kada ya wahalar da kansa.

Lewisham

Sai da jego ya yi nisa na samu fita. Saratu ta nuna mini hanya a waya, na ce ta bari, wadda ta iya tashar Terminus ranar jajiberin Kirsimeti ba jirgin ƙarƙashin ƙasa ne zai ruɗa ta ba. Na hau daga Barking, na sauka kusa da kogi, na taka zuwa Charing Cross ta titin da ofishin jakadancinmu yake, na ga 'yan'uwa a tsaye da takardu a hannu, kowa fuska a murtuke kamar a gida. Daga nan jirgi ɗaya ya kai ni Lewisham.

Kasuwar ta burge ni. Doya, ayaba, busasshen kifi, ga hayaniya, har na ji kamar in taya. Shagon Dauda yana wani lungu bayan babban titi. Tsaf yake, amma na daɗe a zaune mutum biyu kawai suka shigo. Ya rame fiye da Mama. Raina ya ɓaci ƙwarai, don wannan yaron a bayana ya girma, ko canjin aike bai taɓa ci ba.

Ya kai ni ɗakin ajiyarsa, wuri mai duhu da sanyi, ya nuna mini katan-katan. Ya ce duk daga hannun dillali ɗaya suke, amma wani zuwan ya zo garau, wani ya zo a gajiye. Kwantena tana iya yin makonni a tashar jiragen ruwa tana gasuwa kafin ta hau teku, a nan ma ta sake jira. Giya kuwa ba ta son zafi, ba ta son haske, ba ta son daɗewa. Shi ba ya ganin cikin kwalba, sai an buɗe.

"Yaya, na yi complain har na gaji. Yanzu kowane zuwa sai na buɗe ɗaya na gwada. Na bikin nan ne ban gwada ba, don a ranar suka iso."

Na tambaye shi ya gaya wa Ishaya haka? Ya ce ya gwada, aka kashe masa waya. Abin da ke damunsa shi ne, ni na zo da sabuwa fil daga gida, in aka haɗa ta da tasa wadda ta sha teku, dole a ji bambanci, shi ke nan an tabbatar masa da sunan mai jabu. Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Ashe ina iya zama wadda ta ɗauko igiyar ɗaure ƙaninta tun daga Jos.

A jirgin komawa ne maganarsa ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Zafi, haske, daɗewa. Na tuna akwakun bakin titi a Bukuru, na tuna but a Akwanga, na tuna tagata. Ina shiga ɗaki na taɓa kwalaben, ɗumi gare su kamar jikin jaririya. Na tsaya ina kallonsu. Giyar gida ce ta gaskiya, ni na saya da hannuna, ban ƙara mata komai ba, ban rage ba. Na ja labule gefe don rana ta ƙara samunsu, na tafi dama kunu.

Ranar ɗanɗanawa

Lahadi bayan sujada suka zo. Ishaya ya zauna a wannan kujera, Dauda a waccan, kowa yana wasa da jaririya don kada ya kalli ɗan'uwansa. Na ce ba za a ga kwalba ba, tunda baki aka ce ba ya ƙarya. Saratu ta sanyaya ɗaya tawa da ɗaya ta shagon Dauda, ta zuba a kofunan shayi iri ɗaya a kicin, ta kawo ta ajiye.

Ishaya ya ɗauki na farko ya kurɓa, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai. Ya ɗauki na biyu, tun kafin ya kai baki ya yamutsa fuska. Ya kurɓa ya yi sauri ya nemi inda zai tofar.

"Ga ta nan. Irin ta bikin ce sak. Wannan ko a ina aka haɗa ta, ba ta taɓa ganin Najeriya ba."

Na ce ya tabbata? Ya ce ko a gaban Fasto. Na ce wa Saratu ta faɗa masa.

"Uncle, wannan ita ce ta Mama. Wadda ka ce ta yi daɗi ta shagon Uncle Dauda ce."

 Na ɗauko zanen zumunta na shimfiɗa a gabansa, har yanzu da shatin kwalba a jiki. Na ba shi labarin hanyar da ta biyo, tun daga bakin titi har hitar ɗakina, ban ɓoye masa ko ɗaya ba. Na ce tafiyar mota da jirgin sama kawai ta yi ta koma haka, ina ga wadda ta kwana a teku.

"To Ishaya, ni ma jabu na kawo maka?"

 Ya daɗe yana juya kofin a hannu. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, ya ci mutuncin ƙaninsa a gaban mutane, kuma a gaban mutanen zai je ya janye, ranar taron 'yan garinmu. Dauda ya juya fuska ga bango, yana share hawaye.

A wajenmu ba a gama sulhu da baki kawai, sai an sha a ƙwarya ɗaya. Na ɗauko ƙwaryar kunun jego na wanke. Dauda ya ce bari ya buɗe mai kyau daga cikin nasa. Ishaya ya ce a'a, a kawo ɗayar da Yaya ta zo da ita, ita ce daidai da shi. Haka aka juye ta da ɗuminta. Wan ya sha ya miƙa wa ƙani, ƙani ya sha ya mayar, kowa na ɓata fuska, har suka ga ƙasan ƙwaryar. Ban taɓa jin daɗin ganin mutum yana shan giya ba sai ranar.

Nan take na kira maƙwabciyarmu da na bar wa wayar Mama, na ce ta kai mata. Mama ta ce in mutum ɗaya ne a mayar da wayar. Na tura wayar tsakaninsu, suka haɗa baki suka ce, "Mama, ina wuni?" Har na zaci layin ya yanke. Can sai muka ji ta ce su sake faɗa.

Komawa gida

Su biyu suka raka ni filin jirgi a motar Ishaya, suna gardama a kan hanyar da ta fi sauri, na bar su don irin wannan gardamar ba ta kashe kowa. Daga Abuja na samu mota mai lafiyayyar taya, muka hau Hawan Kibo da sauran rana, sanyin gida ya tare ni.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Saratu da mijinta, da sojan da ya yi dariya, da dattijon Gana mai tasi. Zanen zumunta na wanke shi sau biyu kafin Alhamis, ba wadda ta ji warin komai.

Na tarar da Mama a bakin ƙofa, ta ɗan yi kumari. Na durƙusa zan fara ba ta labari, sai ta ɗaga mini hannu ta ce in dakata tukuna. Wayar tana kan cinyarta, ta dafe ta da tafin hannu. Ashe ranar Lahadi na iso.