Waken da Muka Kai Abuja

Funtuwa zuwa Zuba

Ana sallame asuba muka bar Funtuwa, ni da ɗalibata Hafsatu, 'yar ajin ƙarshe a sakandaren 'yan mata inda nake koyar da kimiyya. Gasar binciken ɗalibai za mu je a Abuja. Kayanmu allon zane ne da ƙananan buhuna biyu na wake. Tun kaka Hafsatu ta ɗinke su, ɗaya ta cakuɗa shi da garin ganyen darbejiya da toka, ɗayan ta bar shi haka nan. A gaban alƙalai za a farke su a ga wanda ƙwari suka ci.

Ba sha'awar kimiyya kaɗai ta kai ta ba. Bara ƙanenta Sani ya rasu bayan sun ci waken da aka jefa wa ƙwayar maganin ƙwari a buhu. Tun ranar ba ta ƙara sa wake a baki ba.

Bayan Kaduna, a shingen hanya, wani jami'i ya leƙo motarmu, ya ga yarinya rungume da buhu a cinya.

"Mene ne a ciki?"

"Bincike ne, ranka ya daɗe," in ji direba.

Jami'in ya matsa buhun, ya ce a garinsu wake suke kiran wannan. Na ce a namu ma haka ne. Ya ɗaga mana hannu.

Dei-Dei

Da azahar muka sauka gidan Goggo Rabi, ƙanwar mahaifina, bayan kasuwar shanu. Muka ajiye kaya a tsakar gida, muka wuce Garki yin rajista. Na karanta littattafai da dama kan yadda ake tsare samfurin bincike. Babu wanda ya yi gargaɗi game da goggo.

Da magariba muka dawo, aka kawo garau-garau da mai da yaji. Hafsatu ta dubi kwanon, ta dube ni. Baƙo ba ya ƙin abincin gidan da ya sauka, sai ta sunkuyar da kai ta ci.

"An gode da tsaraba, 'yar nan," in ji Goggo. "Waken nan kamar jiya aka fyaɗe shi, ko tsinta ban yi ba. Na aika wa maƙwabta ma. Amma ɗaya buhun, wanda ya sayar miki da shi bai ji tsoron Allah ba. Duk ƙwari ne."

Cokalin Hafsatu ya tsaya. Wanda ya fito daga gida da buhun wake ya dire a tsakar gidan goggonsa, ai tsaraba ya kawo. Laifin Goggo a ina yake? Na yi mata bayani. Ta dafe ƙirji tana salati, sannan ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin leda.

"Na ɗebi wannan na iri, zan shuka a bayan gida. Ko zai yi?"

Cikin tafi biyu ne. Abin da ya rage na aikin rani guda ke nan.

Garki, ranar gasa

Zauren ya cika da 'yan makarantun kuɗi, da na'urori masu ƙyalli da Turanci mai santsi. A kan teburinmu kuwa, buhun ruɓaɓɓen wake da ƙullin leda. Goggo ta dage sai ta biyo mu, ta zauna gefe cikin mayafinta na biki.

Babbar alƙaliya, wata dakta mai tabarau, ta saurari Hafsatu har ƙarshe, ta juya waken a tafinta, ta koma Hausa.

"Ina buhun da aka sa wa darbejiya aka ɗinke?"

"An dafa shi, Dakta."

Goggo ta miƙe. "Ni na dafa, Hajiya. Gida uku suka ci, kowa ya tashi lafiya."

"Na yarda da ke, Mama," in ji Dakta a hankali. "Amma ka'ida ba ta karɓar buhun da ba a farke a gabanmu ba."

Gaskiya ta faɗa, abin da nake koyarwa ke nan a aji. Aka kira waɗanda suka ci, babu sunanmu. Kafin mu fita Daktar ta ce wa Hafsatu ta sake gwajin da buhuna da yawa, don buhu ɗaya ba hujja ba ne ko da bai haɗu da tukunya ba.

Hanyar gida

Washegari Goggo ta raka mu tashar Zuba tana ta ba da haƙuri. Hafsatu ta mayar mata da ƙullin, ta ce ta shuka.

Da muka wuce Tafa na dubi Hafsatu. Na fara haɗa kalaman rarrashi irin na malamai, sai ta riga ni.

"Malama, shekaranjiya na ci wake."

"Na gani."

"Na kwana ina jiran cikina ya murɗa kamar na Sani. Har gari ya waye shiru." Ta dubi taga. "Bana buhu goma zan ɗinke."

Da la'asar muka shiga Funtuwa. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Goggo Rabi, wadda ta ciyar da mu da abin da muka je nunawa.