Bismillar Baba a Ƙafar Gado

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Yaya Sani, amma har yau in na ga tsohon gado, gabana sai ya faɗi.

A ƙarshen shekarun casa'in, ina karatu a Guangzhou ta ƙasar Sin, Yaya ya iso da littafin mahaifinmu. Baba kafinta ne, littafin kuwa tsohon kundin zanen Turawa ne: mariƙin durowa, bakin makulli, adon tagulla iri-iri, kowanne da lambarsa. Duk zanen da Baba ya taɓa aiki da shi, sai ya rubuta bismilla a gefensa.

Muka je wata masana'anta a Panyu, ni ne tafinta. Yaya ya zaɓi ƙoƙon tagullar da ake sa wa ƙafar gado. Ni uban iyawa, na ce wa mai wurin kada ya rage ko ɗigo daga zanen. Bai rage ba kuwa. Aka tura kayan a rufe zuwa wurin abokin cinikin Yaya a Kano.

Sai bayan watanni, da Yaya ya sake zuwa, aka ba mu ragowar ƙoƙo guda ɗaya. Ran wata Juma'a, mun fito daga masallacin Huaisheng, Yaya ya ciro shi daga aljihu, ya tsaya cak.

"Habu, karanta min nan."

Rubutun Baba ne, har da karkatacciyar mim ɗinsa. Maƙerin ya ɗauka fure ne.

"Innalillahi! Sunan Allah a ƙasa, Habu, inda tsintsiya ke bi."

Na ji tsoron Allah, na ji tsoron abin da mutane za su yi wa Yaya in wani ya riga mu gani. A makon ya koma gida. Ya bi kafintoci, ya bi gidajen mutane, yana durƙusawa yana kwancewa, yana sa wasu. Ko sau ɗaya bai faɗa wa kowa ni na ja mana ba.

Yanzu kafin a narka ƙarfe an turo maka hoto ta waya. Da yana nan, na san cewa zai yi a dai duba da kyau.

Littafin yana hannuna, na kasa buɗe shi. A jinyarsa ta ƙarshe ya riƙe hannuna ya ce gado ɗaya ne bai samu ba.

Don Allah mai karatu, in gadonka tsoho ne, leƙa ƙafarsa. Allah ya jiƙan Yaya.